Wane Harsashi Kake Nufi, Magini?

Wanda ya raɗa wa abubuwa suna a Hausa, ina jin ranar da ya zo kan harsashi yunwa yake ji, ya ƙagu ya tashi. In ba haka ba, me zai sa ramin da ake tona wa gini da ɗan abin da ke fitowa daga bakin bindiga su ci suna ɗaya? Mutanen da can sun rayu da wannan ganganci ba abin da ya same su. Sai a namu zamanin ya kusa cinye mani kaka.

Kakan nawa shi ne Sha'aibu Magini, mahaifin innata. Garinmu yana tsakanin Kasuwar Daji da Ɗan Isa, kuma ba zan faɗi sunansa ba, don yanzu ko sunan akuyarka ba ka faɗa wa baƙo. In ka shigo garin, duk katangar da ka ga ta tsaya ƙyam, shi ya gina ta. Wadda ka ga ta karkace tana sauraren hirar maƙwabta, ita ma shi ya gina, amma zai ce maka mai gidan ne ya hana shi zurfafa harsashi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar bayan kunkuru. Kunnensa na hagu ya daina aiki tun kafin a haifi innata, shi ya sa ba ya iya magana sai ihu. Ko sirri zai faɗa maka, sai kajin maƙwabta sun watse. Ni da shi rigimarmu ɗaya ce, a kan kakata Maimunatu. Shi ya aure ta, amma ni take kira maigida, ni take ɓoye wa ƙanzo.

Ba gidan magina ya fito ba. Ubansa Muhtari maharbi ne mai bindigar toka, kuma tun yana ƙarami shi ke riƙe masa ƙahon albarushi. Ya sha ba ni labarin yadda ake ɗura ta. A zuba albarushi ta baki, a cusa tsumma, a danna da sanda, a zuba dalma ko guntayen ƙarfe, a sake cusa tsumma, sannan a koma baya a sa ɗan abin da zai ba da wuta. Kafin ka gama, in ji shi, gada ta kai Zurmi ta yi aure ta haihu. Wata rana uban ya cika hannu wajen zuba albarushi, bindigar ta fashe. Ta tafi da yatsun uban, ta tafi da kunnen ɗan. Daga ranar Sha'aibu ya ce shi da bindiga sai dai kallo. Ya gudu Ƙaura Namoda, ya yi shekaru yana kwaɓa wa wani magini ƙasa a unguwar tashar jirgi, ya koyi tubali, da bulo ya zo ya koyi bulo, ya dawo gida da cokalin gini da igiya da bakin da ba ya mutuwa.

Amma abin da ya guje wa a sama, sai ya riƙa tarar da shi a ƙasa. Mai tona harsashi ba abin da ba ya gani: fasasshiyar tukunya, ƙashin jaki, tsohon kwabo mai huji. Duk waɗannan yakan watsar. Abu ɗaya ne ba ya iya bari, duk abin da ya taɓa fitowa daga bindiga. Yana da wani babban gwangwanin madara da ya yi tsatsa, a nan yake tara su. In ya gama cin abinci ya ji daɗi, sai ya jawo shi ya zazzage a kan buzu, ya kira ni.

"Kai ɗan banza, zo ka ga tarihi, tun da makaranta ta kore ka."

"Ba kora ta anka yi ba, Tsoho. Rabuwar arziki munka yi."

Sai ya ɗauko wasu dunƙulallun dalma kamar kashin akuya, farare fat saboda tsufa. Ya ce waɗannan sai da ya tona har ƙugu ya same su, wai na zamanin yaƙe-yaƙe ne. Sai wasu dogayen kwansuna na tagulla da suka yi kore, ya ce daidai gwiwa suke, wataƙila na zamanin Turawa. Sai masu kauri, gindin ƙarfe jikin kwali ko jar roba, irin na maharban da suka yi arziki, waɗanda cikinsu ƙwayoyi ne kamar dawa. Na ƙarshe su ne sirara masu ɗan wuya kamar kwalba, na ɓarayin daji.

"Su waɗanga ba a tona masu," in ji shi. "Bisa ƙasa suke. Tsintsiya ma na kawo su."

Ba ya karatun boko, don haka ni yake miƙa wa in karanta masa lambobin da ke zagaye da gindinsu. Na ce masa lambar wayar wanda ya ƙera ce, in yana so mu kira mu yi ƙorafi. Ya kai mani dundu. Shi a ganinsa tsaga ce, kowane harsashi da tsagar gidansu, kamar yadda ake gane mutum a fuska. Kuma yana da nasa bayani a kan yadda aka gina abin. Ya ce harsashin yanzu ɗaki ne. Kwanso shi ne bango, albarushi shi ne mutanen ɗaki, dalmar da ke kai ita ce rufi. A tsakiyar gindi kuma akwai wani ɗan zagaye da yake kira cibiya. Ita ƙusar bindiga ke sara, wuta ta kama, mutanen ɗaki su yi fushi su tunkuɗe rufi ya tashi.

"Dauri," in ji shi, "mai bindiga shi ka haɗa abubuwan ga da hannunai, ɗaya bayan ɗaya. Kafin shi ƙare, zuciya ta huce. Da anka haɗe su wuri guda, sai anka ɗauke ma mutum lokacin tunani."

Maimunatu ta sha ce masa ya kai gwangwanin nan ya zuba a masai. Ya ce masai shi ya gina ta, ya san abin da ya dace da ita.

To, sai zamani ya juya. Ba sai na ba ku labarin abin da daji ya zama ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da cikin gari ya zama. Kalma ɗaya ta shigo ta zauna a bakin kowa: infoma. Wanda ya sayi burodi ya wuce cikinsa, infoma ne. Wanda babur ɗinsa ya cika shan mai, infoma ne. Wanda aka shigo gari ba a taɓa gidansa ba, wannan kam ba sai an tambaya ba. Samarin gari suka kafa ƙungiyar 'yan sa-kai, kuma gaskiya sun tsare mu, ba don su ba da tuni muna bara a Gusau. Amma in suka zargi mutum sai su ce za su kai shi bayan gari a yi masa tambayoyi. Akwai wani mai sayar da mai a kwalba da suka tafi da shi tun bara. Da alama har yanzu tambayoyin ba su ƙare ba.

A cikin wannan hali Usmanu ya zo neman magini. Usmanu Bafulatani ne, a gefen garinmu aka yanke masa cibi, tare da kawunnaina ya yi wasan langa. Ɓarayin da suka kwashe mana tumaki su suka kora masa shanu, suka ƙona masa bukka. Ya koma noman gero. Yana so ya yi ɗaki ɗaya na bulo a bakin gonarsa, inda 'yan gari za su riƙa ganin shigarsa da fitarsa. Duk maginin da ya je wa sai ya ce bayansa ke ciwo. Kakana ya ɗauki igiya da diga ya bi shi.

"Malam, ka san abin da mutane za su ce," in ji Maimunatu.

"Mi za su ce? Ɗaki na ce zan gina, ba sansani ba."

"Ni dai na faɗi. Tsufa ya zo, kunnen da ya rage ma ya ƙi jin magana."

Akwai wani tudu a yammacin garinmu, nan kaɗai waya ke samun sabis. Mun sa masa suna Tudun Sabis. Da hantsi za ka tarar da rabin gari a kai, kowa ya ɗaga hannu sama kamar masu roƙon ruwa, kowa na jin sirrin kowa. A nan ake sanin wanda aka ƙi a Shinkafi da wanda surukarsa ba ta da lafiya. Ranar ina can ina fama da lambar wata yarinya da ta koyi kashe waya, sai ga Tsoho ya hau yana haki. Damina ce, hadari ya haɗu a gabas. Ya manna waya a kunnen kirki, ya buɗe murya.

"Usmanu! Kana ji na? Harsashin nan da na bar maka, ka rufe shi da kyau! Kada ruwa shi taɓa shi! Kada ka bari yara su yi wasa kusa da shi! Jibi ina nan tahe da sauran kayan. Kada ka damu, harsashina bai taɓa ba mutum kunya ba!"

Ni na tuntsire da dariya. Da na waiga, ni kaɗai nake yi. Hannayen da ke sama duk sun sauka. Wani ya kalli wani, wanin ya kalli ƙasa. Sufyanu, ƙanen kwamandan 'yan sa-kai, wani siriri mai yawo da bindiga har wajen shan fura, ya sa wayarsa a aljihu ya gangara. Tsoho kuwa ya sauka yana gaisawa da mutane, yana mamakin yadda yau kowa ke amsawa a gajarce.

Washegari da safe suka zo. Halilu ne a gaba, shi ne kwamanda, mutum mai sanyin magana wanda kafin wannan fitina dillancin awaki yake yi. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida Tsoho, yaransa kuma suka shige ɗaki ba sallama. Ba a daɗe ba Sufyanu ya fito da gwangwanin madara, yana girgiza shi yana ƙara kamar caki.

"Ga shi nan, Yaya. Ƙarƙashin gado."

Maimunatu ta ɗora hannu a ka. "Na ce maka masai! Ban ce maka masai ba?"

"Baba Sha'aibu," in ji Halilu, "mu je ƙofar Maigari tukuna."

Wannan tukuna ɗin kowa ya gane ta. Daga ƙofar Maigari hanya biyu ce, ɗaya ta gida, ɗaya ta bayan gari.

Kafin mu isa an cika. Maigari na zaune a kan kujerarsa yana jan carbi da sauri, irin jan wanda ya fi so a ce yau ba ya gari. Sufyanu ya maimaita abin da aka ji a tudu, bai ƙara ba bai rage ba, don ba ya bukatar ƙari. Mutum goma suka ce sun ji.

"Ranka shi daɗe," in ji Tsoho da ihunsa, "ni magini ne. In na ce harsashi, wane harsashi nika nufi?"

Wani daga baya ya ce, "Ai shi ya sa! In ni ne mai kai ma ɓarayi harsashi, magini zan nema. Shi kaɗai ka iya faɗin kalmar bisa tudu."

Aka yi guna-guni, an yarda. Ni kaina, Allah Ya gani, sai da na kalli ƙeyar tsohon nan na ce, to wai me na sani game da shi? Mutum ya ce ya tsani bindiga, amma yana kwana a kan 'ya'yanta. Haka zargi yake, ba ya neman izini kafin ya shiga.

Aka zazzage gwangwanin a kan tabarma. Mutane suka ja baya kamar an saki kunamu. Wani ya ce ai ɗura su yake yi kamar yadda ubansa ke ɗura toka, ya mayar wa mutanen daji. Halilu ya matso. Ya tsuguna yana ɗaukarsu ɗaya-ɗaya, ya leƙa ciki, ya juya gindi, ya ajiye gefe. Duk fanko ne, kowace cibiya da saranta. Wasu sun tsufa har suna marmashewa a hannu. Har na fara cewa mun tsira. Sai hannunsa ya tsaya.

Ya ɗago wani ja mai jikin roba. Bakinsa a rufe, da nauyinsa. Cikakke ne, ba a harba ba.

"Wanga fa, Baba?"

Maigari ya ƙara saurin carbi.

"Juya gindinai," in ji Tsoho.

Halilu ya juya.

"An sare shi ko ba a sare shi ba?"

"An sare shi."

"Amma bai tashi ba. To, ni anka sara ma shi."

Ya ba da labarin a tsaye, hannu a baya. Ya ce kwanan baya, bayan ya fara aikin Usmanu, yana dawowa da la'asar ta hanyar da dawa ta rufe, sai wani ya fito daga cikin dawa da rawani har ido. Ya ɗaga bindiga ya saita ƙirjinsa, ya ja kunama. Ƙas. Ba ta tashi ba. Ya karya ta da sauri ya zare harsashin ya yar, yana lalube a aljihu, sai aka ji muryar mata masu dawowa daga itace. Ya faɗa cikin dawa. Tsoho ya ce sai ya duƙa ya ɗauki abin, tun da dai nasa ne.

"Kuma ba ka faɗa mani ba?" Maimunatu ce daga cikin mata. "Ka zo ka ci tuwo malmala biyu ranar, ka ce miya ba gishiri!"

"Wa ka gani?" in ji Maigari.

"Ban ga fuska ba, ranka shi daɗe. Ba ni yi ma ɗan kowa ƙazafi."

"Labari ne!" in ji Sufyanu. "Wa ya shaida? Ɓarayi sun tare shi sun bar shi, ai wannan ma shaida ce a kansa."

Ba wanda ya ce masa ɓarayin daji ba da jan kwanso suke harbi ba. Amma na ga wasu dattawa sun dubi sirarran da ke kan tabarma, sun dubi jan da ke hannun Halilu, sun dubi bindigogin da ke rataye a kafaɗun samarinmu.

Ga matsalar Tsoho. Akwai maganar da raɗa take so, shi kuwa Allah bai ba shi raɗa ba. In ya buɗe baki, har Kasuwar Daji za a ji. Sai ya yi abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya yi shiru. Ya durƙusa a kan tabarma, ya tona cikin tarin, ya zaɓo jajayen fanko guda uku. Ya kama hannun Halilu ya buɗe tafin, ya jera su kusa da cikakken, gindi sama.

"Waɗanga," ya ce, "bakin ramin gadin da na gina maku na tsince su."

Ina tsaye bayan Halilu, don haka na leƙa. Saran ƙusa yakan faɗa tsakiyar cibiya. Waɗannan huɗun kuwa duk a gefe ya faɗa, kuma kowanne da ɗan jan layi kamar wutsiyar ɓera. Kamar uwa ɗaya ta haife su.

Yawancin bindigogin 'yan sa-kai maƙera ne suka ƙera, kowace da halinta. Akwai wata da duk gari ya sani, har suna gare ta, Harara, don ƙusarta a karkace take, tana sara a gefe, wani lokaci ta tashi wani lokaci ta yi gardama. Yara ma sun san wanda ke rataye da Harara. A lokacin yana tsaye a hannun daman yayansa Halilu.

Halilu ya daɗe yana kallon tafinsa. Bai ɗago ya dubi ƙanensa ba, ko sau ɗaya, kuma wannan rashin duban ya fi duba ƙara. Mutanen baya suna ta miƙa wuya, ba su ga komai ba. Sannan ya dunƙule hannu.

"Ranka shi daɗe," ya ce, "magana ba ta ƙarewa a zaune. An ce harsashi na wurin Usmanu. Mu je mu gani."

Aka ɗunguma. Usmanu ya hango taron tun daga nesa, ya fito daga cikin gero ya tsaya, hannayensa a buɗe don kowa ya ga ba komai. Halilu ya ce ya nuna harsashin da Magini ya bar masa. Usmanu ya janye ƙayar da ya jera, ya ɗaga tsofaffin zana. Ga rami nan kusurwa huɗu, an zuba dutse da siminti rabi, a bushe, ko ɗigon ruwa bai shiga ba.

"Na rufe da kyau, Magini," ya ce da ƙyar. "Yara ma ban bari sun zo ba."

Wani ya yi dariya, wani ya taya shi, amma ba ta yi nisa ba. Na ji mai maganar nan ta baya yana cewa rami ai kowa na iya tonawa. Halilu ya ɗaga murya ya ce shi ya gamsu, harsashin gini ne, Baba Sha'aibu ya tafi gida, kuma kada ya ƙara jin maganar. Ya sa aka mayar wa Tsoho da gwangwaninsa. Amma jajayen nan huɗu, ina kallo, suka shige aljihun Halilu ba su fito ba.

Ni dai ban ga abin murna ba. An sake shi, gaskiya ne. Amma shaidar ta tafi, dawa na nan tsaye, hanyar nan ita ce dai hanyar, kuma Harara ba kullum take gardama ba. Na san Tsoho ya ga aljihun, don idonsa bai yi ritaya ba. Ya karɓi gwangwani ya rungume, ya yi gyaran murya, ya saki ihun nan nasa a gaban kowa.

"Halilu! Na gode. Amma ka ji da kunnenka an tare ni a hanyar ga. Ina son ɗan rakiya har in ƙare aikin ga."

"Za a ba ka, Baba."

"Sufyanu nika so. Yaro ne mai kula, ko waya kaka yi shina saurare. Ka damƙa ni hannunai gaban jama'a. In ƙaya ta soke ni, kun san wanda za ku tambaya."

Dattawa suka ce wannan magana ta yi. Wakilin da Maigari ya turo ya ce ta yi. Halilu ya dubi Tsoho, Tsoho ya dube shi, kamar dillalai biyu da suka san ainihin shekarun akuya.

"Sufyanu," ya ce, "ka ji. In ya yi tari, kai ne."

Tun daga ranar, kowace safiya za ka gan su sun nufi gonar Usmanu. Sufyanu a gaba da Harara, Tsoho a baya da cokali da igiya. Shi ya kafa wannan sharaɗi, ya ce ɗan rakiya gaba yake shiga don ya kore macizai. Duk garin nan ba wanda ya kai Sufyanu son kakana ya yi tsawon rai. In Tsoho ya hau tsani, shi ke riƙewa. In ya ce cikinsa na murɗa, Sufyanu ne a ƙofar mai magani. Maimunatu har ta fara zuba masa tuwo, tana ajiyewa daga nesa kamar mai ba baƙon kare abinci.

Ni dai har yau akwai abin da ke cina. Harara takan ƙi tashi a bakin ramin gadi ma, kuma wanda ya tsinci fanko uku a wurin zai iya tsintar cikakke ɗaya. Matan da suka dawo daga itace, na bi na tambaya, ba wadda ta tuna ta ga wani abu, ko kuma ba wadda ke son ta tuna. Shi Sufyanu bai taɓa musantawa ba, amma ai ba wanda ya tuhume shi balle ya musanta. Na tsare Tsoho wata rana yana wanke cokali.

"Tsakaninka da Allah, an tare ka a dawar nan, ko kuwa ginin labari ka yi?"

"Wanga kunnen ba ya ji," ya ce.

"Ai ta na kirkin nake magana."

"Shi ma yau ya gaji."

Abin da na tabbatar kawai shi ne, rakiyar an ce har a ƙare aiki, kuma mutumin da ya saba tayar da ɗaki kafin a gama shuka, ga shi an yanke gero, an yanke dawa, ɗakin Usmanu bai kai taga ba. Ya aza bulo, ya ja baya, ya rufe ido ɗaya, ya ce bai yi ba, ya sauke. Usmanu bai yi ƙorafi ba. Tun da aka fara, kullum akwai ɗan sa-kai a ƙofarsa da zai iya shaida inda ya wuni.

Shekaranjiya na bi ta wurin, na tarar da Sufyanu zaune a kan tulin yashi, ya rafka tagumi.

"Baba," ya ce, "don Allah yaushe za a ƙare ɗakin ga?"

Tsoho ya ɗaga bulo ɗaya, ya juya shi, ya hure ƙurar da ke kai, ya mayar inda ya ɗauko.

"Gini ba ya son gaggawa, ɗana. Kuma Usmanu ya fara maganar katanga."